Fangalin Ƙarshe

Zuwa ga mahaifina, Malam Adamu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta 'ya ga mahaifinta, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, wanda yake tashi kullum in ban da ranar da ake biki a unguwa. Yaya Kabiru yana riƙe da gonar. Bana ma tumatir ya dasa, ya ɗan saka albasa ta gefen yamma. Jikokinka sun girma, ƙaramar da ka bari a goye har ta shiga makaranta.

Na san babu mai kai wasiƙa inda kake. Zan sa ta ne a zauren da nake saka labaraina a waya, inda masu karatu za su gani. Amma da kai nake magana, su sai dai su saurara daga bakin ƙofa.

Dalilin rubutowa shi ne in gaya maka na gama littafin. Littafin nan da na yi maka alkawari kana dariya, ka ce in dai zan sa ka a ciki, to in sa ka da sabuwar hula. Na gama shi ranar Talata da hantsi, kuma hular tana nan a kanka. Sai dai saura kaɗan in watsar da shi a hanya. Abin da ya cece shi kuwa abu ne da nake gani a hannunka tun ina 'yar shekara takwas, ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba.

Ka tuna ranar ruwa? Mu a wajenmu na Kura ruwan rani rabo ake yi, kowane layin gonaki da ranarsa, kowace gona da lokacinta. Namu Laraba ce da safe. Kai kakan fita da sassafe, ni kuma in rana ta ɗan ɗaga Inna ta ɗora mini kwanon koko da ƙosai in biyo ka.

Gonar doguwa ce. Ka yanka ta fangali-fangali, 'yar hanyar ruwa ta ratsa tsakiyarta tun daga bakin kanal har ƙurya. Kowa a layinmu da ya fasa datsi, fangalin da ke kusa da baki yake fara buɗewa, in ya cika ya matsa gaba. Kai ba haka kake yi ba. Sai ka saɓa fartanya ka taka har ƙarshen gona tun ruwa bai shigo ba, kana duba hanya, ka toshe ramin ɓera a nan, ka ɗebe ciyawa a can. Ka buɗe bakin fangalin ƙarshe, sannan ka dawo ka saki ruwa. Ruwan ya bi ya wuce duk sauran bai shiga ko ɗaya ba, sai na ƙurya. In wannan ya ƙoshi ka toshe shi ka buɗe na kusa da shi, kana ja da baya kana ja da baya, har ka iso bakin kanal. Ka gama ban ruwa ƙafarka a bushe, wandonka ko ɗigon taɓo babu.

Na taɓa tambayarka dalili. Ka ce, "Uwani, na kusa da baki ai ba ya rasa danshi, ruwa na wucewa yana lasa. Na ƙurya ne ba shi da kowa. In ban fara da shi ba, sai lokacina ya ƙare ban ma san ko hanyar tana kaiwa ba." Na ce to, na ci gaba da cin ƙosan da aka aiko ni in kawo maka.

Mutum ɗaya ne wannan tsari naka yake hana sukuni, Malam Inuwa, maƙwabcin gonarka ta ƙasa, wanda ruwa ke komawa hannunsa in ka gama. Shekara ashirin da ɗoriya kuna faɗa a kan abu ɗaya. Ya tsaya a kan iyaka, hannu a baya, ya ɗaga murya: "Adamu, wai kai komai naka sai an yi shi ta baya? Ruwa na tafiya a banza, rana na yi, tumatirina na jiran ka gama iyayinka!" Kai kuwa ko kai ba ka ɗagawa, sai ka ce, "Inuwa, je ka wanke ƙafarka tukuna ka zo mu yi magana." Don shi kullum a cikin taɓo yake har gwiwa. Da yarinta na ɗauka gaba ce ta gaske. Na daina gaishe shi, sai da ka ja mini kunne na koma gaishe shi ciki-ciki.

Ba ka yi boko ba, amma kai ne mai saurarona na farko. A gindin dalbejiyar nan ta bakin gona nake karanta maka insha'in makaranta da 'yan labaran da nake ƙagawa a bayan littafin lissafi. Kana ji, idonka na kan ruwa. Kafin in kai tsakiya sai ka tare ni: "To, ina za a kai mu?" In na ce ban sani ba tukuna, sai ka ce, "Ashe tare muka ɓata." Abin nan yana ba ni haushi ƙwarai. Ni a ganina daɗin labari shi ne marubucin ma ya sha mamaki, ya bi alƙalami duk inda ya ja shi. Da wannan ra'ayin na girma, na yi aure, na fara koyarwa a Dawakin Kudu, kuma da shi na rubuta 'yan gajerun labarai suka karɓu. Sai na ɗauka ni ce da gaskiya.

Shekara biyu bayan rasuwarka na fara littafin. Tauraronsa wani manomin rani ne, Malam Tanko, dogo, mai tsananin tsari, mai sabuwar hula. Duk wanda ya san ka ya san ko wane ne. Kowace Juma'a in na dawo daga makaranta nakan saka babi ɗaya a zauren. Ban tsara komai ba, datsi kawai na fasa. Babi goma na farko sun tafi sumul, masu karatu suna ta sa albarka, matar Yaya Kabiru tana karanta wa Inna, ni kuma kaina ya fara girma.

Daga nan sai abu ya fara malala. Na shigo da direban babbar mota mai kai kwandunan tumatir kudu. Direba ya buƙaci mata, matar ta zo da ƙanwarta mai karatun jinya, mai karatun jinya ta samo masu nema har biyu. Na dawo da wani ɓataccen ɗan'uwa daga Ikko. Kowa ya shigo sai in ba shi kujera in kawo masa ruwa. Direban nan a babi na sha biyu sunansa Bala, a na ashirin da biyar na manta na kira shi Sani. Wata mai karatu ta tambaya ko tagwaye ne, ni kuwa don rashin kunya na ce e, na mayar da su tagwaye. Ka ga yanzu sai an nemo wa na biyun mata shi ma.

Da aka kai babi na talatin da takwas, Malam Tanko ya yi babi shida bai leƙo ba. Wata ta rubuto, "Anti, don Allah ina labarin nan ya dosa? Data fa muke sawa." Wani ya ce, "Malama, ko dai Malam Tanko ya yi tafiya ne ba a sanar da mu ba?" Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Wata Juma'a ban saka komai ba, ta gaba ma haka, har aka shafe fiye da wata. Na gaya wa maigidana zan goge abin gaba ɗaya in huta. Na ji kunya ƙwarai, Baba. Na ji kamar na gayyato ka gidana na bar ka tsaye a zaure ina hidimar baƙi.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin, amma kai zan gaya maka. Ƙarya nake yi da nake cewa ban san inda labarin ya dosa ba. Na sani sarai. Tun ranar da na ba Malam Tanko tarin nan naka na san zai mutu. Duk sa'ad da na hango wannan babin, sai in fasa wata hanya a gefe in karkatar da ruwan can. Direba, tagwaye, mai jinya, mutumin Ikko, duk na ƙirƙiro su ne don kada in isa ƙurya. An fita da kai sau ɗaya ina kallo daga ƙofar ɗaki, ban ga abin da zai sa in sake fita da kai da hannuna ba.

Da aka yi hutun makaranta na zo gida. Ranar Laraba na bi Yaya Kabiru gona, don kawai in sha iska. Ka san shi, ba mai magana ba ne. Ya saɓa fartanyarka, ita dai wannan mai ƙotar da ka ɗaure da roba, ya taka har ƙarshen gona. Ya toshe wani rami, ya buɗe fangalin ƙurya, ya dawo ya saki ruwa. Ina tsaye a kan kunya ruwan ya zo ya wuce ta gaban ƙafata, ya miƙe can. Na tambaye shi ko ya san dalilin yin haka. Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi dai haka ya gani ana yi.

Na koma gindin dalbejiya na zauna. Akwai littafin rubutu a jakata. Na tsallake duk abin da ke tsakani, tagwaye da kowa da kowa, na rubuta mutuwar Malam Tanko. Na yi kuka sosai, ba zan ɓoye maka ba. Yaya Kabiru ya yi kamar bai gani ba, ya yi ta gyaran wata kunya da babu abin da ya same ta. Da na gama na ji wani sauƙi, na ce to, ga fangalin ƙarshe na shayar.

Bayan la'asar na karanta wa Inna, tana tsintar shinkafa a faifai. Ta saurara har ƙarshe, ta goge ido da bakin mayafi. Sannan ta ce, "Ya yi kyau. Amma nan kika tsaya? Ina Larabar? Kin bar Larabar?" Na ce wace Laraba? Ta dube ni kamar na ce ban san sunana ba, ta aika a kira Yaya Kabiru ya ba ni labari da bakinsa.

Kai ma ba ka san wannan ba, don haka bari in gaya maka yadda aka gaya mini.

Ranar Litinin ka rasu, sadakar uku ta faɗo Laraba, ranar ruwanmu. Tumatirin da ka dasa bai wuce kwana goma ba, kuma ka fi kowa sanin sabon dashe ba ya jure rashin ruwan mako guda a wannan rana. Babu wanda ya tuna. Yaya Kabiru yana zaure yana karɓar gaisuwa, sai bayan azahar abin ya faɗo masa. Ya zabura ya ari babur, alhali ya san lokacinmu ya wuce tun hantsi. Yana tafe yana ganin dashen nan a kwance a ƙasa, noman ƙarshe da ka yi da hannunka.

Ya tarar an shayar da gonar tas. Ya ce abin da ya tsayar da shi ba wannan ba ne. Fangalin ƙurya har ya shanye ruwansa, ƙasa ta yi baƙi ta lafa. Na bakin kanal kuwa ruwa yana kwance a cikinsa bai gama shiga ba. Kunyoyi a bushe, babu sawun taɓo ko ɗaya. Daga ƙarshe aka fara, aka ja da baya. Ya ce sai da tsigar jikinsa ta tashi, don a duk layin nan mutum ɗaya ne mai irin wannan ban ruwa, kuma shekaranjiya suka kai shi makwanci.

Da ya waiga ƙasa sai ga Malam Inuwa a cikin tasa gonar, taɓo har gwiwa, yana ban ruwansa daga baki kamar kullum, ya juya baya. Yaya Kabiru ya matsa ya yi masa sallama. Bai juyo ba, ya ce, "Koma zaure, mutane na jiranka."

Shekara uku ban ji wannan ba. Ina cikin gida cikin mata a lokacin, bayan sadakar bakwai na koma ɗakina. Su kuma a wurinsu ba labari ba ne, aikin gona ne aka yi aka wuce. Ni ina can ina ƙago tagwaye.

Washegari na je gidan Malam Inuwa. Ya tsufa, Baba, ido ɗaya ya yi rauni. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran kwando. Na durƙusa na gaishe shi, wannan karon da murya sosai. Ya ce, "Uwanin Adamu ce? Mai ƙin gaisuwa?" Na yi masa godiya a kan Larabar, ya haɗe fuska kamar na zo da sammaci. Ya ce, "Gonarsa ce. In gonar mutum ce ai yadda yake yi za ka yi masa. Amma ni har gobe ban ga hikimar abin ba, ɓata lokaci ne kawai." Ya ci gaba da saƙar kwandonsa. Can ya ce, "Tun da ya tafi ban sami abokin faɗa ba. Wannan yayan naki ko zaginsa ka yi sai ya ce Allah ya ba da haƙuri." Na yi dariya hawaye na zuba, shi kuma ya tsawata mini wai in tashi ƙasa da sanyi.

Ashe abin da na ɗauka fangalin ƙarshe ba shi ba ne, akwai wani a bayansa. Ina komawa Dawakin Kudu na rubuta babin Larabar. Shi ne ƙarshen littafin.

Daga nan aiki ya fara. Na kwaso tsofaffin takardun jarrabawa na yayyanka su, a bayan kowace na rubuta babi ɗaya a layi ɗaya: wa ya yi me, kuma me ya sauya. Na jera su a kan tabarma tun daga bakin ƙofa har bango, babin Laraba a jikin bango. Sai na tsaya a wurinsa na fara ja da baya, kowace takarda na zo kanta in tambaye ta ko tana kai ruwa can. Maigidana ya yi mako guda yana tsallake takardu kafin ya shiga ɗaki, ya ce bai san ya auri mai noman rani a falo ba.

A nan na ga ɓarnar da na yi. In ana so babin Laraba ya taɓa mai karatu, dole ya san maƙwabcin nan tun farko, ya ji faɗansu har ya ɗauka gaba ce, kamar yadda na ɗauka. To, a babi talatin da takwas ɗin nan kaf babu maƙwabci. Ko sau ɗaya ban ambace shi ba. Ina jin haushin yarintar nan ne bai sake ni ba, na hana shi shiga littafina kamar yadda na hana shi gaisuwa. Na yanka sabuwar takarda na sa shi a babi na ɗaya, a kan iyaka, hannu a baya.

Haka kuma dole mai karatu ya san yadda Malam Tanko yake ban ruwa, ya san shi sosai, yadda in ya ga fangalin ƙurya ya shanye na baki yana kwance da ruwa zai gane da kansa ba sai na yi masa bayani ba. Don haka na tsara a ga ban ruwan sau uku. Na farko abin dariya ne. Na biyu faɗa ne na gaske, ranar da aka ɗauke ruwa daga kanal kafin lokaci kowa ya rasa. Na uku shi ne na Laraba, kuma a nan ban ce komai ba, na bar gona ta nuna. Tarin ma na dawo da shi baya, ya fara kaɗan-kaɗan tun babi na huɗu. Har ranar dashe sai da na ƙirga da yatsu, don ta faɗo kwana goma kafin Larabar.

Sai yanka. Tagwaye suka tafi, mutumin Ikko ya koma inda ya fito, masu neman aure suka watse. Direba ɗaya na bari, da suna ɗaya, don shi ne mai ɗaukar tumatirin gonakin biyu yana kai gulmar wannan ga wancan. Mai karatun jinya ce ta fi yi mini ciwo, don na ƙaunace ta, kuma babinta sun fi ko'ina daɗin rubutu. Na ɗaga takardarta na mayar ya fi sau biyar. Amma duk ta inda na juya ta, ruwanta wani wuri yake tafiya. Na naɗe ta na sa a ƙasan akwati. Da na gama, takarda ashirin da biyu ce ta rage a kan tabarma, kuma daga bakin ƙofa ina iya hango bango.

Na shiga zaure na gaya wa masu karatu gaskiya. Na ce zan sauke duk abin da na saka, ba kuma zan sake saka ko layi ɗaya ba sai na gama littafin duka. Wasu suka yi fushi, musamman masoyan tagwaye, akwai wadda ta ce na kashe mata su ba jana'iza. Wasu suka fita. Mai maganar data kuwa ta tsaya, ta ce in dai wannan karon akwai inda za a je, za ta jira.

Tsorona shi ne tsari zai kashe mini daɗin rubutu, in zama kamar mai cike fom. Bai kashe ba. Na san inda kowane babi zai tsaya, amma abin da zai faru a cikinsa sai na shiga nake gani. Malam Tanko ya yi ta faɗin maganganun da ban shirya masa ba, wasu har sai na ajiye biro na yi dariya. Don haka ka ci gardamar nan tamu ta gindin dalbejiya, na sallama. Sai dai in za a yi adalci, Malam Inuwa ma yana da tasa gaskiyar. Abin yana cin lokaci. Wata uku ruwa yana tafiya babu wanda ya ga ya shiga ko'ina, masu karatu suna tsaye a kan iyaka suna jiran in gama iyayina.

Da aka gaya wa Malam Inuwa yana cikin littafi, tambaya ɗaya ya yi: "An dai rubuta cewa ni ne da gaskiya?" Yaya Kabiru ya ce masa an rubuta duk abin da ya faɗa. Ya ce to shi ke nan, ai duk ɗaya ne.

Saura abu ɗaya, kuma saboda shi na ɗauki biro yau.

Tun da daga ƙurya na fara, haka na ci gaba da rubutun, ina ja da baya. Babin da nake gudu tun farko, na mutuwa, yana nan a rubuce tun gindin dalbejiya, na wuce shi. Wanda na rubuta bayansa kana kwance amma kana magana. Na gaba kana zaune a zaure kana ba da umarnin aikin gona. Na gaba ka koma gona. Kowane mako tarin yana raguwa, muryarka tana ƙara ƙarfi, furfura tana ja da baya. Ban tsara wannan ba, ban ma hango shi ba. Ni da na yi kusan shekara guda ina tsoron littafin nan zai sake raba ni da kai, sai ga shi kullum in na zauna rubutu lafiya kake ƙara samu.

Babin da na rubuta ranar Talata shi ne babi na ɗaya. Safiyar Laraba ce, ruwa ya cika kanal. Ka saɓa fartanya, sabuwar hula a kanka, kana takawa zuwa ƙarshen gona. Maƙwabci yana kan iyaka yana ɗaga murya, wata 'yar yarinya tana tafe a baya da kwanon koko, ta riga ta cinye ƙosai biyu. A nan na ajiye biro. Na gama littafin kana tsaye da ƙafarka, Baba, ko tari ba ka yi.

Na zauna a kan tabarmar na daɗe, raina fari tas. Inna ta ji shi daga farko har ƙarshe, gyara ɗaya ta yi, wai hular ba ruwan toka ba ce, shuɗiya ce ka so. Na gyara. Ranar Juma'a mai zuwa zan saka wa masu karatu babi na ɗaya. In da kana gindin dalbejiya ka tare ni da tambayar nan taka, wannan karon ina da amsa. Na je wurin da ƙafata na gani, na dawo, kuma hanyar tana kaiwa.

Allah ya jiƙan ka, Baba. Allah ya gafarta maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya yalwata shi, ya sanyaya shi. Yadda ba ka taɓa mantawa da na ƙurya ba, kada Allah ya manta da kai. Ya shayar da kai daga tafkin Alkausara, shan da babu ƙishi a bayansa. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya yi wa gonarka albarka a hannun Yaya Kabiru. Ya saka wa Malam Inuwa da alheri, ya ba shi tsawon rai, in lokacinsa ya yi ya sa ya cika da imani, ya haɗa ku maƙwabtaka a Aljanna. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da kyau. Amin.

Ka huta lafiya.

'Yarka mai cinye maka ƙosai,
Uwani